Yadda Na Kai Ruwan Tafkinmu Kano

Shekara guda da rabi ke nan da dawowata daga Kano, amma har yau ba na zama a bakin kasuwar Madarunfa sai wani ya matso ya ce, "Mamman, wai da gaske ne ka ɗauki ruwan tafki ka kai wa Ingilishi?" In na faɗa wa wannan yau, gobe wancan ya zo da nasa ƙarin, har na ji ana cewa wai an ɗaure ni a Jibiya. Ba a ɗaure ni ba. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta shi tun daga tushe, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Kafin yaƙin Turawa an ɗebe mu mu huɗu daga lakwal, wato makarantar boko, aka kai mu Yamai, wajen wani likita Bafaranshe mai binciken ƙwayoyin cuta. Ni ne, da Lawali, da Garba, da Habu. Shekara uku muka yi a ɗakin bincikensa muna koyon aiki da madubin nan mai ƙara girman abu. A cikinsa na ga abin da ya hana ni sakat har yau: wata 'yar halitta ta cikin ruwa da muke kira ƙumar ruwa, da jaririn kurkunu nannaɗe a cikinta. Mutum ya sha ta a ruwa bana, baɗi war haka tsutsar ta fasa masa ƙafa. Da yaƙi ya tashi aka kira likitan ya koma gida, aka rufe ɗakin, kowa ya kama gabansa. Ni aka maido ni ƙasarmu ina bin ƙauyuka ina yi wa yara lambar rigakafi.

Abin da ya tashe ni tafiya Yaya Idi ne, wana, wanda ya riƙe gidanmu tun rasuwar Baba. Damina biyu a jere kurkunu ya kwantar da shi, ƙafa biyu, daidai lokacin noman farko. Yana kwance a zaure yana naɗe tsutsa a jikin tsinke, ciyawa tana cinye masa gero. A shekara ta biyu matarsa ta share rumbu tun kafin tsakiyar rani. Mutumin da ke gaba a kowace gayya ya koma ana aiko masa da tsaba daga gidan surukai. Ya ce mini in aka yi ta uku zai bar gonar gado ya tafi ƙetare dako. Wannan magana ta yi mini ciwo ƙwarai.

Ni kuma da zafin kaina na tafi ƙofar Mai gari, gaban jama'a, na ce a daina shan ruwan tafki, ciwo ne a ciki. To, kun san abin da tafkin nan yake a wurinmu. Liman ya dube ni ya ce, "Ruwan da waliyyai ke kwance kewaye da shi, shi ne ciwo?" Sarkin Ruwa kuwa, tsohon da ke kan al'adar kakanni, shi ke yi wa tafki yanka kafin a fara kamun kifi, bai ko dube ni ba. Tun da nake ban taɓa ganin su biyun sun yarda da abu guda ba sai ran nan, kuma a kaina.

Mai gari ya ce, "Mamman, ka ce ka gani da idonka. To, mu ma nuna mana. In mun gani ma yi magana."

Madubin da ke kusa da mu ya tsage tun lokacin yaƙi, an aika gyara bai dawo ba. Amma na ji labari Garba yana aiki da irinsa a wani gidan likita a Kano. Na ce shi ke nan, in kai masa ruwa ya duba, in aro madubin in kawo, ko ya ba ni takarda mai hatimi. Na cika kwalba biyu a mashayar unguwarmu, na toshe su tam, na naɗe a tsohon bargo. Bazara ce, saura kamar wata guda ruwa ya sauka.

Na bi wasu masu jakuna zuwa Ɗan Isa. Muna isa duwan, wato kwastan na bakin iyaka, wani gardi ya zare bargona, ya ga kwalabe, ya ce giya ce. Na ce ruwa ne. Ya ce wane mahaukaci ke ɗaukar ruwa a kwalba zuwa ƙasar Ingilishi, can ba su da rijiya ne? Muna cikin haka sai na ji an ce daga cikin biro, wato ofishinsu, "Wannan muryar mai gardama ai ta Mamman ce." Lawali ne, ya yi ƙiba, ga hula mai baki, ga alƙalami a aljihu. Hannun da likita ke yabo wajen yanka ƙwaro siriri kamar gashi, yanzu buhunan gyaɗa yake bugawa hatimi. Na tambaye shi ko yana kewar madubi. Ya ce, "Ina kewarsa mana. Amma madubi bai taɓa yi mini sabuwar riga ba."

Ya buga mini takardar wucewa, ya ce ba inda za ni sai na kwana gidansa. Aka yi mini tuwon gero da miyar kuka da zabo. Ina cikin ci Innarsa ta fito gaisuwa, tsohuwa mai fara'a, ta tambayi mutanen gida, ta tambayi abin da ke cikin bargo. Ni da bakina na ce ruwan tafkin Madarunfa ne.

Ta dafa ƙirji ta ce, "Ɗana, Allah ne ya kawo ka. Shekara nawa ina son in je ziyara ƙafa ta hana. Ɗiba mini ko ludayi guda."

Na ce, "Inna, wannan ba na sha ba ne, na aiki ne."

Ta ce to, ta shige ciki. Na ɗauka magana ta ƙare. Da safe na fito daga masallaci na tarar kwalba guda babu komai a ciki. Inna ba ta sha ita kaɗai ba, baiwar Allah, ta ga rowa ce ta sha ita kaɗai. Ta juye a babbar randar gida don kowa ya sami albarka. Allah ya taimake mu ba a kai ga damun fura ba. Lawali ya san abin da na sani, ya kinkimi randar ya tuttular a gindin zogale. Inna ta tsaya tana kallon ɗanta tana kallona. Da na je sallama ta ce, "A sauka lafiya, ɗan lakwal," ba ta ko juyo ba. Har na kai Jibiya kalmar nan tana yi mini zafi.

A Jibiya na shiga kamiyon gyaɗa, su can lori suke cewa. Muna tashi na ga direba ya kama hannun hagu ya miƙe. Na yi ta salati, ina jiran ya gyara. Da na ga wata mota ta taho na ƙwala masa kira ya koma hannunsa. Wani Bakatsine da ke kusa da ni ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Malam daga Faransa kake ko? Nan haka ake tafiya." Can komai nasu a juye yake. Likita asibiti ce, kumandan Di'o ne, gardi ɗan doka ne, shayi ma sai sun zuba masa madara. Amma gaisuwa iri ɗaya ce da tamu, tsawonta ma ɗaya. Kwalbar da ta rage na rungume ta a cinya, wanda ya tambaya in ce maganin basir ne. Ba wanda ya roƙa.

A Katsina na sauka wajen Habu. In faɗi gaskiya, da ba don masauki ba da ban neme shi ba. A ɗakin bincike shi ne na baya a cikinmu. Faransancinsa bai taɓa miƙewa ba, likita bai cika ba shi madubi ba, kullum shi ake aikawa bakin kogi ɗebo ruwa da wankin gilasai. Na same shi a wata rumfa kusa da kasuwa, ya zama tela, yana taka keken ɗinki, zare a baki. Ya rungume ni, ya aika aka sayo fura da nono. Na ba shi labarina, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ɗaga kwalbar ya duba ta a haske.

Ya ce, "Haka ka ɗebo shi kawai? Ba ka tace ba?"

Na ce, "In na tace me zan kai Kano?"

Ya buɗe baki zai yi magana, na tare shi da cewa wannan aikin masu madubi ne. Ya yi murmushi ya ce, "Haka ne. In ka dawo ka biyo ta nan." Na faɗi wannan ne don ku san irin girman kan da na tafi da shi.

Kano kuwa sai wanda ya gani. Ga jirgin ƙasa yana kuka, ga buhunan gyaɗa an tara su sun fi kowace kuka tsawo, ga ruwa yana fitowa daga bakin ƙarfe in ka murɗa. Na tsaya a gaban famfo na daɗe, ina tunanin Yaya Idi. Wata mata mai tulu ta ce in ba ɗiba zan yi ba in ba mutane wuri. A nan na fara cin garin rogo irin na mutanen kudu. Na jiƙa kwano guda, kafin in wanke hannu ya kumbura ya zama na mutum uku, na zaci an yi mini wani abu ne.

Garba na same shi cikin farar riga har gwiwa, yana magana da Ingilishi kamar a can aka yanke masa cibi. A cikinmu huɗu shi kaɗai ya tsaya a kan aikin da aka koya mana, kuma wallahi na yi murna, na kuma ji kishi, duka biyun. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya sauke ni a ɗakinsa, ya ciyar da ni gurasa da nama. Amma madubi yana cikin kabad, mabuɗi yana aljihun Baturen likita, Bature ya tafi rangadi. Kwana uku muna jira, kwalba tana jingine a ɗaki mai rufin kwano, cikin zafin bazara.

Ran na huɗu aka buɗe kabad. Garba ya tsiyaye ruwan, ya ɗebi gindin ya ɗiga a gilashi, ya daɗe yana murɗawa. Sannan ya matsa ya ce in duba. Ƙuma biyu na gani, duk matattu, sun fara ruɓewa. Ba a gane komai a cikinsu.

Na ce, "To ara mini madubin in je da shi, kwana goma in dawo maka da abinka."

Ya ce, "Mamman, ko tsakar gida na fita da shi aikina ya ƙare. Kuma ka tsallaka iyaka da shi? Lawali da kansa zai kama ka."

Ya ga yadda fuskata ta yi, ya zauna ya rubuta mini takarda mai kyau, ya buga hatimi, cewa lalle kurkunu daga ruwan sha yake. Sai da na hau mota na buɗe ta na ga da Ingilishi ya rubuta. A duk Madarunfa ba mai karanta ta, har mushe, malamin lakwal. Ina riƙe da takardar da ba mai karantawa da kwalbar da ba komai a ciki, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ban taɓa jin na zama wawa kamar ran nan ba.

Na so in wuce Katsina ba tare da na tsaya ba, kunya ta hana ni zuwa, yunwa ta kai ni. Habu bai tambaye ni yadda aka yi ba, ya gani a tafiyata. Ya bari na ci na ƙoshi, sannan ya rufe rumfa ya ɗauki tulu, da wani farin ƙyalle, da kofin gilashi, ya ce in biyo shi. Muka je wani kududdufi a bayan gari inda mata ke ɗiban ruwa. Ya ɗaure ƙyallen a bakin tulu, ya yi ta zuba ruwa da ƙwarya har tulu ya cika. Ya kwance ƙyallen, ya juya shi, ya ɗauraye cikinsa a kofin da ya zuba wa ruwan rijiya. Ya sa baƙar hularsa a bayan kofin ya ɗaga wajen rana.

Ya ce, "Duba."

Ga su nan, farare ƙanana kamar garin gero, suna zillo, su tsaya, su sake zillo. Ba madubi, ba Bature, ba mabuɗi. Na karɓi kofin na ƙura musu ido.

Habu ya ce, "Ku ana kawo muku su a kan gilashi, ba ku taɓa tambayar yadda aka kamo su ba. Ni ke kamo su. 'Yar komar da likita ke tace kogi da ita, ni ke ɗinka ta in ta yage, a nan na koyi riƙon allura. Abin da ƙyalle ya kama ai bai shiga tulu ba. Tun da na yi aure ba a sha ruwa a gidana ba a tace ba, kuma ba wanda ya taɓa yin kurkunu."

Na ce, "Don me ba ka faɗa mini ba tun ran nan?"

Ya ce, "Ka ce aikin masu madubi ne."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na roƙe shi gafara a nan bakin kududdufi, ya ce in bar wannan magana, mu je a yi aiki. Wuni biyu yana kan keke. Ya yanka farin alawayyo mai ƙaramin ido, ninki biyu, ya yi masa zariya yadda zai kama bakin tulu kamar hula. Ya cika mini jaka, ya ɗora kofin a sama, ya ƙi karɓar komai.

A Ɗan Isa na tsaya na ba Lawali ƙyalle guda ya kai wa Inna, na ce in Allah ya yarda zan aiko mata da ruwan tafki, ta tace ta sha. Ban shiga gidan ba, ban shirya haɗa ido da ita ba tukuna.

Da na iso gida, ran Juma'a bayan an sauko na roƙi Mai gari ya taka zuwa mashaya. Ya zo, Liman ya zo, Sarkin Ruwa ya zo, Yaya Idi yana tsaye a baya. Na yi yadda Habu ya yi, ban ƙara ko kalma ba, don na gane bakina ne ya ɓata mini aiki da farko. Kofi ya bi hannu hannu. Mai gari ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ikon Allah. Wannan muke sha?"

Sarkin Ruwa ya karɓa ya kai kusa da ido. Ya ce, "Na san su. In ruwa ya kwanta muna ganinsu a gindin ƙwarya. Ban san suna da aiki ba." Ya juyo gare ni, karo na farko. "Yanzu kana cewa a bar tafki?"

Na ce, "A'a, Baba. Wancan karon na yi rashin kunya. A sha tafki, a tace kawai."

Liman ya ɗauki ƙyallen yana jujjuyawa. Wani daga cikin jama'a ya ce, "Allah gafarta Malam, in an tace, albarkar ba ta tsaya a tsumma ba?" Na san a kan amsar nan komai ya rataya. Liman ya sa aka ɗebo masa daga tulun da aka tace, ya yi bisimilla ya sha. Ya ce, "Abin da Allah ya sa a ruwan nan alawayyo bai isa ya tare shi ba. Ƙwaro ya tare." Sarkin Ruwa kuma ya ƙara nasa, ya ce daga yau mai kurkunu kada ya sa ƙafa a mashaya, a ɗebo masa, da ya ji daga bakina cewa ta nan tsutsar ke komawa ruwa.

Kada ku zaci daga nan aka yi ta tafa mini. Ruwa ya sauka, kurkunu ya fito wa Yaya Idi a ƙafar hagu, na ruwan da ya riga ya sha bara. Na faɗa musu tun farko haka za a yi, amma wa ya tuna? Aka yi ta dariya, ana ce mini likitan tsumma. Gidaje da yawa suka mai da ƙyallen abin ɗaure kan yara. Ni da ƙannenmu muka noma abin da muka iya na gonarsa. Wata rana ina wanke masa ƙafar na ce, "Yaya, ka ba ni damina guda. Kada ka tafi ƙetare." Ya kawar da kai. Amma na ji yana ce wa matarsa ko ruwan alwala kada ta kawo masa sai an tace.

Daminar bana ta zo. Na riƙa zuwa gidansa kowace safiya, wai gaisuwa, alhali ƙafarsa nake kallo. Ya gane, har ya riƙa miƙo mini ita tun kafin in zauna. Aka yi shuka, aka yi noman farko, aka yi maimai, ba ƙurji ko ɗaya. A unguwarmu gidajen da suka riƙe tacewa kusan duk haka suka ga abin, yanzu mata da kansu ke yanka tsofaffin zannuwa suna ninkawa. Ran gayyar Mai gari na ga Yaya Idi a gaba da hauya, ƙura tana tashi a bayansa, na juya na yi kamar wani abu ya faɗa mini a ido.

Makon jiya aka gama ɗaurin gero. Yaya ya kira ni gona, ya ware dami guda, wanda ya fi kowanne tsawon zangarniya, ya ajiye gefe. Na ɗauka nawa ne, har na fara godiya.

Ya ce, "Ba naka ba ne. Na telan nan ne na Katsina. Wa za mu samu ya kai masa?"

Na ce ba sai an nemi kowa ba. Jibi zan tashi, damin a kan jaki, da kwalba guda ta Innar Lawali, tatacciya.